SHARHI: Riɗin Bauchi da abin da binciken masana ke nuna wa masu tsara manufar fitar da kaya

A watan Agustan 2025 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwarar kaɗanya zuwa ƙasashen waje na tsawon wata shida, domin a tilasta sarrafa ta a cikin gida. Hujjar gwamnati ita ce Najeriya na kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar, amma rabonta a kasuwar man kaɗe bai taka kara ya karya ba. Ba a daɗe ba rahotanni suka nuna farashin ƙwarar ya faɗi a kasuwannin karkara, inda mata ne ke tsinto ta.

Jihar Bauchi na da dalilin sa ido a kan wannan mataki, domin tana cikin jihohin da ke noma riɗi, wanda ke sahun gaba a amfanin gonar da ƙasar nan ke sayar wa Japan da Turkiyya da China. Akasarin riɗin a ɗanyensa yake fita. Idan wata rana aka ɗauki irin wannan mataki a kansa, manomin Alƙaleri ko Ganjuwa ne zai fara ji a jikinsa. Saboda haka yana da kyau jami'an da ke rubuta wa ministoci takardun shawara su san abin da masana suka gano a kan irin wannan ciniki, domin an shafe fiye da shekara hamsin ana nazarinsa a Najeriya.

A 1966 masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya wallafa nazarinsa a kan noman ƙananan manoma da gwamnati a Najeriya, inda ya nuna yadda hukumomin sayen amfanin gona suka riƙa biyan manoman gyaɗa da auduga da koko ƙasa da farashin duniya, suna tara rarar don ayyukan gwamnati, ciki har da kafa masana'antu. An rushe hukumomin a 1986, amma darasin bai tsufa ba: duk manufar da ta danne farashin gona don amfanin masana'anta, haraji ce a kan manomi, ko da ba a kira ta da wannan suna ba.

Shi kuwa Jan Hogendorn, a littafinsa na 1978, ya bi diddigin yadda cinikin gyaɗa ya kankama a Kano daga 1912, jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa. Turawan mulki auduga suke so a noma wa masaƙun Ingila, amma fatake da manoman Hausa suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Ba umurnin hukuma ne ya gina dalar gyaɗa ba. Sauƙin kai kaya bakin teku ne, da kuma 'yan kasuwar da suka san inda riba take.

Birnin Bauchi ya ɗanɗana ɗaya hanyar, wato kafa masana'anta da ƙarfin gwamnati. A shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya aka kafa wurin haɗa taraktoci da manyan motoci a garin, ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni shida da suka haɗa da Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas. An gina kamfanin ne a kan sassan da ake shigowa da su da kuɗin mai, don sayar wa kasuwar gida da aka kare da harajin kwastam. Da kuɗin mai ya ja baya, darajar naira ta karye daga 1986, sassan suka yi tsada, aiki ya durƙushe, har aka sayar da hannun jarin gwamnati a shekarun 2000. Kamfanin sarrafa nama na Bauchi, wanda aka kafa tun zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, shi ma ya shafe shekaru yana faɗi-tashi duk da yawan shanun yankin. Samun ɗanyen kaya a kusa, ko goyon bayan hukuma, bai isa ya riƙe masana'antar da ba za ta iya gogayya a farashi ba.

Me ke hana ta gogayyar? Amsa mafi ƙarfi ta fito ne daga binciken David Atkin da Dave Donaldson na 2015. Sun ɗauki farashin kayayyakin da aka san masana'antar da ke yin su, suka bi yadda yake hawa daga gari zuwa gari a Najeriya da Habasha da Amurka. Suka gano cewa tasirin nisa a kan tsadar kai kaya a cikin Najeriya ya ninka na Amurka sau huɗu zuwa biyar. Suka kuma gano cewa idan farashi ya sauko a bakin teku, 'yan tsakani ne ke kwashe mafi yawan moriyar, kuma rabonsu ƙaruwa yake yi a garuruwan da ke nesa.

Bauchi na da nisan fiye da kilomita 1,000 daga tashoshin jiragen ruwan Legas. Layin dogon da ya iso garin a 1961, ya zarce Maiduguri a 1964, da rancen farko da Bankin Duniya ya bai wa Najeriya a 1958 aka shimfiɗa shi, musamman don jigilar amfanin gona. An ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a watan Maris na 2021, amma har yanzu a tirela buhun riɗi ke barin Bauchi, sau da yawa ya biya ta kasuwar Dawanau a Kano, ya ratsa shingaye da masu karɓar kuɗin shiga kafin ya ga teku. Wanda ya kafa injin matsar man riɗi a Bauchi, wannan kuɗin hanya zai biya, ga na man janareta.

Matsala ta biyu ita ce inganci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da ya wuce ƙima. Riɗi ma gwajin ragowar magani da ƙwayoyin cuta yake fuskanta a tashoshin masu saye. Binciken Marc Melitz na 2003 ya bayyana dalilin da ya sa kamfanoni ƙalilan ne ke iya fitar da kaya a kowace ƙasa: akwai kuɗin shiga kasuwa da dole a kashe tun kafin a sayar da buhu ɗaya, na gwaji da takardun shaida da neman mai saye, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ba ya iya ɗaukarsa shi kaɗai. A nan ne kuɗin gwamnati zai fi yin tasiri. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a watan Yulin 2019, rage harajin kan iyaka take yi, ba ta gyara hanyar Bauchi zuwa Jos, ba ta kuma gina ɗakin gwaji.

Akwai aikin da ya dace da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, kuma take da tsangayar aikin gona. Asusun TETFund na da kason bincike na ƙasa. Idan Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta NEPC ta haɗa kai da jami'ar aka riƙa tattara farashin riɗi mako-mako a kasuwannin Soro da Azare da Muda Lawal, aka kwatanta da na Dawanau da na Legas, aka ƙirga abin da kowace tirela ke biya a hanya, za a san daidai inda kuɗin manomi ke zurarewa. Aiki ne da kuɗinsa bai kai na gina masana'anta ɗaya ba.

Sarrafa amfanin gona a gida buri ne mai kyau, amma tsarin da aka bi wajen cimma shi ne ke nuna wanda zai biya. Kafin a kai wa minista takardar hana fitar da wani ɗanyen kaya, ya kamata ta ƙunshi amsar tambaya uku: injinan gida nawa ne ke aiki, kaso nawa na amfanin za su iya saye, kuma nawa manomi zai rasa a kan kowane buhu kafin su cike giɓin.