Kama Hayaƙin Sanholo: Tema Ba Norway Ba Ce

Jama'a, tun daga watan Janairun 2026 Tarayyar Turai ta fara lissafa kuɗin iskar kabon a kan sanholon da ake shigar mata daga waje. Maganar ta shafe mu, domin muna da VALCO a Tema tun 1967, 'yan'uwanmu na Kamaru kuma suna da Alucam a Edeya tun 1957. Shi ya sa ake ta cewa a kama hayaƙin kafin ya tashi sama, a binne shi a ƙasa.

To, bari mu duba. Ana samun sanholo ne ta hanyar tura wutar lantarki cikin manyan tukwane, inda aka nitsa tubalan gawayi. Gawayin yana cinyewa a hankali, kuma kowane tan ɗaya na sanholo yana fitar da kimanin tan ɗaya da rabi na iskar kabon daga nan kaɗai. Ko da wutar daga madatsar Akosombo ta zo, ko daga kogin Sanaga, wannan kason yana nan daram. Abin haushi kuma, shi Turawa suke ƙirgawa, ba su duba tsabtar wutar da aka yi aikin da ita.

Wahalar tana cikin tukunyar. Ana zuƙo iska mai yawa ta kanta don kare ma'aikata daga guba, sai kabon ya tsinke, ya koma kamar kashi 1 cikin 100 na abin da ke fita ta bututu. A tashar wuta mai ƙona kwal ya kan wuce kashi 10. Wanda ya taɓa tsince tsakuwa a shinkafa ya san bambancin. Na'urar dole ta yi girma, ta kuma ci wuta, a ƙasar da farin 1983 ya sa aka kashe tukwanen Tema. Kamfanin Hydro na Norway ya zuba kuɗi a wannan bincike, amma su suna da rumbu a ƙarƙashin teku, wanda aka fara ɗura wa iskar a 2025. Mu ina za mu kai tamu?

A ganinmu hanyar Kanada ta fi dacewa a sa mata ido. A 2018 Alcoa da Rio Tinto suka kafa Elysis don ƙera tubalin da ba ya cinyewa, wanda iskar shaƙa yake fitarwa maimakon kabon. Bai yaɗu a masana'antu ba tukuna.

Kafin nan, narka tsohon sanholo yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da sabo ke ci. Maƙeran zango da ke zuba tukwane daga gwangwani da tsofaffin sassan mota sun daɗe a kan wannan aiki. Da kuɗin na'urar kama hayaƙi guda ɗaya, muna ganin za a iya gina musu murhu na zamani masu yawa, a kuma raba musu sanholo mai tsabta da wanda ya gauraya da dalma, tunda a cikin tukwanen nan muke dafa tuwo.