Jinjina Ga Waɗanda Suka Kai Dambe Cikin Waya, Amma Fagen Ƙauye Na Jira

An yi wani lokaci da dambe ya kusa zama wasan dattawa a ƙasarmu ta kudancin Katsina. Wanda ya tashi a Gozaki ko Kafur ko Bakori ya san yadda aka saba: da an yanke dawa, an cire auduga, kuɗin kaka ya shiga aljihu, sai Sarkin Fawa ya aika wa 'yan dambe goron gayyata, a share fage a bayan gari, makaɗa su ɗaure kalangu. Sannu a hankali kawunan da ke zagaye fagen suka riƙa yin furfura. Samari sun koma gidajen kallon ƙwallo, suna biyan kuɗin benci don su yi musu a kan Arsenal da Chelsea. Yaron da zai jero maka 'yan wasan Real Madrid goma sha ɗaya bai san ko wane ne Shago ba, sai dai in ya tsinci sunan a waƙar Ɗan Anace ranar da mahaifinsa ya kunna rediyo.

Yau ka tsaya a rumfar mai cajin waya a Malumfashi ko tashar Funtua, za ka ga samari huɗu ko biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Mai wayar ya danna, ya mayar da hoton baya, a sake kallon yadda bahago ya kauce ya kai naushi, abokin karawarsa ya dafa ƙasa. Sai gardama ta kaure: wannan na Kudu ne, wancan na Arewa, wani ya ce ai Guramada ba a yi musu haka. Waɗannan yaran ne aka ce sun bar dambe. Wasu mutane ne suka yi aikin dawo da su, kuma yaba kyauta tukuici.

Jinjina ta farko ta masu gidajen dambe ce, na Kano da na Dei-Dei a Abuja da sauran birane, waɗanda suka riƙe wasan kusan kullum a lokacin da ba kowa ke ganin riba a cikinsa ba. Sai 'yan jarida, musamman Sashen Hausa na BBC, da suka riƙa kawo sakamakon dambe da sunayen 'yan wasa kamar yadda ake kawo na ƙwallo, wanda hakan ya nuna wa mai sauraro cewa abin nan ba abin kunya ba ne. A 2017 Chidi Anyina da Anthony Okeleke suka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, mutane daga ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Katsina ba suka shiga kallo. Maxwell Kalu ya kafa African Warriors Fighting Championship, har ta kai a 2025 kafar wasanni ta DAZN tana nuna dambe ga duniya. Waɗannan mutum uku ba Hausawa ba ne. Sun ga daraja a abin da da yawa daga cikin 'yan bokonmu suka raina, suka zuba kuɗinsu da lokacinsu, kuma wajibi ne mu faɗi haka a fili. Bayansu akwai rundunar da ba a san sunayenta ba: yaran da ke durƙusawa a bakin fage cikin ƙura da waya a hannu, su ɗauka, su yanka, su tura Facebook da TikTok da kuɗin datarsu. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Sai dai da sauran rina a kaba, kuma labarin wani wasa na Amurka ne ya sa nake faɗin haka.

A kudancin ƙasar Amurka akwai tseren motoci da ake kira NASCAR. Asalinsa wasan mutanen karkara ne. Direbobin farko da yawa sun koyi gudu ne wajen safarar barasar da ake dafawa a ɓoye cikin tsaunuka, suna tsere wa jami'an gwamnati, ranar hutu kuma su gwada motocin a filin turɓaya jama'ar ƙauye na kallo. Bill France ya tsara abin ya zama hukuma a 1948 a garin Daytona na jihar Fulorida. Da talabijin ta shigo, kuɗi ya shigo, sai masu wasan suka ɗaga ido zuwa manyan birane. Filin North Wilkesboro da ke jihar Karolina ta Arewa, a tsakiyar ƙasar da wasan ya fito, an yi masa tseren ƙarshe na babbar gasa a 1996, aka kwashe ranakunsa aka kai Texas da New Hampshire, aka bar ciyawa ta cinye shi. Filin Rockingham ma ya rasa nasa bayan 2004. A lokacin lissafin ya yi kamar ya fita, domin a 2006 mutum sama da miliyan 19 ne suka kalli tseren Daytona 500 a talabijin. A 2025 ba su kai miliyan 7 ba. Wani bincike da aka yi a kan masu kallon wasanni a Amurka ya nuna tsaka-tsakin shekarun mai kallon NASCAR ya tashi daga 49 a 2006 zuwa 58 a 2016, wato kusan mutanen nan ne dai suke tsufa a gaban akwatin ba tare da matasa sun shigo bayansu ba. Filin Daytona kansa an rage kujerunsa zuwa kimanin 101,000.

Dalilan suna da yawa: matasa sun bar talabijin sun koma waya, manyan direbobin da aka sani sun yi ritaya, an yi ta canza dokokin gasa har tsofaffin masoya suka gaji. Kuɗi kuwa bai ƙare ba, don yarjejeniyar nuna wasan ta 2025 zuwa 2031 ta kai dala biliyan 7.7, har da Amazon a ciki saboda neman masu kallo ta intanet. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne, a 2023 sai da suka gyara North Wilkesboro suka mayar da tsere can, bayan shekara 27. Baƙin birni da suka zo don yayi sun tafi da yayi ya wuce, aka dawo ana lallashin mutanen gida.

Dambe yana kan wannan mararraba yanzu, kuma gara a faɗa tun ana cikin daɗi. Mai kallo a Burazil ko Ingila da ya danna bidiyon kisa na daƙiƙa talatin, gobe wani abin zai danna. Shi ma yaron rumfar caji, in bai taɓa tsayawa a fage ya ji kalangu a ƙirjinsa ba, riƙon da ya yi wa dambe bai fi riƙon da ya yi wa kowane bidiyo ba. Kuma ɗan dambe ba a birni ake yinsa ba. Ku dubi sunayensu: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Kowanne yana da ubangida, wanda ya fara ɗaukar masa jaka, ya riƙe masa bakin zare ana naɗa hannu, ya zuba masa ruwa tsakanin turmi da turmi. Yaro yana fara damben share fage ne a gaban mutanen garinsu, a kashe shi ya tashi, kawunsa ya yi masa faɗa, makaɗi ya laƙaba masa take. Idan fagen Gozaki da na Dabai da na Ɗanja suka mutu, gidajen Kano da Abuja za su ci gaba da cika na wasu shekaru da waɗanda aka riga aka horar, daga nan sai a nemi sababbi a rasa. Manomin da ya kai duk masararsa kasuwar Dandume bai ware iri ba, ya san abin da zai tarar da damina.

Don haka abin da nake roƙon kamfanonin nan da masu gidajen dambe shi ne su ware wani kaso na abin da suke samu su dawo da shi fagen kaka. Ba abu ne mai tsada ba. Kuɗin motar 'yan wasa, abincinsu, sallamar makaɗa, kyautar buhun taki ko babur, da yaro ɗaya mai kyamara. Jamhuriyar Nijar ta nuna ana iyawa. Tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta takobin ƙasa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ake zagayawa da ita jiha-jiha, kowace jiha ta tace 'yan kokawarta goma daga ƙasa kafin ta kawo su. Shi ya sa in ana gasar, tsoho da jikansa suke zama gaban Télé Sahel tare, domin kowa yana da ɗan garinsu a ciki. Mu a nan ana damben mota a birni, amma babu tsanin da yaron Gozaki zai taka daga garinsu zuwa Kafur, zuwa Funtua, zuwa Katsina.

Akwai wani abu da masu yanka bidiyo suke yi wanda yake ci mini rai. Suna yanke kiɗan. Suna fara hoton daga inda aka ja daga, su ƙare inda aka faɗi, wani lokaci ma su ɗora wani sauti na waje a kai. Wanda ya san dambe ya san rabin wasan yana faruwa kafin a kai naushin farko. Makaɗi ya matse kalangu a hammata, ya saki taken mutum, sai ka ga ƙato yana zaune ya fara tsuma, ya miƙe, ya ɗaga hannun da aka naɗe, ya shiga fage yana kirari yana ambaton ubangidansa da garinsu da waɗanda ya kashe. Dattawa su yi ta gyaɗa kai don sun san kowane suna, masu kari su fito da kuɗi. Shago ya yi dambe, amma Muhammadu Bawa Ɗan Anace ne ya sa har yau ake kiran sunansa a gidajen da ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Idan aka raba dambe da kiɗansa, abin da ya rage mutum biyu ne suna naushin juna, kuma duniya cike take da wannan. Makaɗan nan tsufa suke yi, 'ya'yansu da yawa sun kama acaba. A sa sunan makaɗi a bidiyo kamar yadda ake sa na ɗan wasa, a biya shi, a bar kirarin ya fito cikakke, a rubuta fassararsa a ƙasa don baƙo.

Batun lafiya ba ya buƙatar dogon bayani. Sai da Dale Earnhardt, ɗaya daga cikin direbobin da suka fi farin jini, ya mutu a zagayen ƙarshe na Daytona 500 a watan Fabrairun 2001 kafin NASCAR ta tilasta na'urar kare wuya da kai, kuma tun daga nan ba a sake rasa direba a tseren babbar gasar ba. Kada mu jira irin wannan. Ko a ƙauye, a samu ma'aikacin lafiya a bakin fage da mota a shirye, kuma wanda ya suma a hana shi wasa na wasu makonni ko da ya rantse ya warke. Ɗan damben da bidiyonsa ya tara miliyoyin masu kallo yana da hakki a cikin abin da bidiyon ya kawo, a rubuce, da Hausar da zai gane. Kuma a yi hattara da tallar caca. Uba a Gozaki zai bar ɗansa ya je kallon dambe, amma ranar da ya gane ana koya masa caca ko ana busa wiwi a bayan 'yan kallo, ya rufe ƙofar ke nan, limamin gari kuma zai goya masa baya, da gaskiyarsu.

Na san abin da za a ce mini: tsaro. Gaskiya ne. Mutanen da suka ga an kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, suka ga an buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi a watan Agustan 2025, ba za a zarge su ba in sun ji tsoron taro. Babu mai hankalin da zai ce a tara jama'a da dare a bakin daji. Amma ana cin kasuwa duk mako a garuruwan nan, ana ɗaurin aure, ana hawan Sallah. Dambe na iya bin sahun kasuwa: a fara bayan la'asar a cikin gari, a filin makarantar firamare, a tashi kafin magariba, da sanin dagaci da jami'an tsaro. Nan ne aikin ya koma kan namu na gida. Fadar Galadiman Katsina a Malumfashi da ta Sarkin Maska a Funtua, da shugabannin ƙananan hukumomi, da sarakunan fawa, su ne za su iya buɗe wannan ƙofar, ba wani kamfani daga Legas ba. Manyan dillalan hatsi da na auduga da ke cin arzikin wannan ƙasa su ma suna da abin bayarwa.

Ranka ya daɗe Hakimi, Alhaji mai gidan dambe, da kai ɗan'uwa mai kyamara, ga abin da za a iya farawa da shi a kaka mai zuwa. Garuruwa huɗu ko biyar na ƙasar Kafur, Gozaki a ciki, kowanne ya yi nasa damben a ranar kasuwarsa tsakanin Nuwamba da Janairu. Yara 'yan share fage su shiga kyauta tare da iyayensu. Waɗanda suka yi fice su haɗu a Malumfashi, zakarun can su kara da na Funtua da Bakori, kuma a yi alkawari tun farko cewa wanda ya yi nasara za a kai shi Kano ko Abuja a sa shi a gaban kyamarar da duniya ke kallo, da makaɗinsa, a faɗi sunan garinsu.