Kesadiya, cukun Damargu da wasan kara

Duk ƙarshen watan Oktoba wayoyin 'ya'yanmu sukan cika da hotunan kabewa mai ido da baki. Bukin Halowin ke nan, wanda ake yi a Amurka daren 31 ga wata, inda yara ke shigar fatalwa suna bi gida-gida roƙon alawa. Cikin abincin da ake yi wa wannan dare akwai kesadiya, wadda asalinta ƙasar Meksiko ce: waina ce mai faɗi, marar kauri, ta garin masara ko na alkama, a zuba cuku a ciki, a naɗe, a gasa bisa kasko har cukun ya narke. Sunan ma daga kalmar cuku ya fito a harshen Ispaniya. Don buki, sai a yanke ido da baki a wainar sama, cukun ya leƙo kamar fuskar dodo.

Ni dai ban ga laifin girkin ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne uwargidan ma'aikaci ta ɗauki kuɗin cefane ta kai kanti don cukun kwali da aka shigo da shi daga waje, alhali ga cukun Damargu ana yawo da shi a kasuwar Dole da tashar mota. Matan Buzaye da na Fulani ke yin sa: su daskarar da madara da ruwan tumbin ɗan akuya, su shimfiɗa bisa 'yar tabarmar tsinke, rana ta busar da shi, shi ya sa ake ganin zane a jikinsa. Kaka kuwa lokacinsa ne, tunda dabbobi ba su daɗe da barin ciyawar damina ba.

Amma a kula: busasshen cuku ba ya narkewa, komai wutar da aka ba shi. Wurinsa gefen shayi ne, ko cikin turmin fura. Ɗanyen ake nema, wanda bai gama bushewa ba. In babu, a daka busasshen a jiƙa da madara kaɗan. A murza ƙullun alkama ya yi siriri ƙwarai, don kaurin gurasa ba ya naɗuwa. A haɗa cukun da albasa, tattasai da dakakken kilishi, abin da Damagaram ba ta roƙon kowa. Mai son launin kabewa ya dafa ta, ya marmasa a ciki. Wuta kaɗan, mai kaɗan, a juya sau ɗaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da yanka fuska a abinci ba, kuma malamai da yawa za su goyi bayansa, ya yanka tauraro ko dagi.

Saura batun rana. Shin sai mun ari daren fatalwa? Yaranmu suna da tashe a watan azumi, suna shiga iri-iri suna bi gida-gida, ana ba su hatsi da kuɗi. A nan Zinder kuma, bayan girbi, ga wasan kara, inda samari ke ƙera tabarau, bindiga da na'urar ɗaukar hoto da karan gero, su fito a matsayin shugaban ƙasa, ministoci da gwamna, jama'a na dariya, manyan da ake kwaikwayo na zaune suna kallo. Wannan gari da Sarki Tanimun ya zagaye da ganuwa, ya kuma kasance babban birnin ƙasa har 1926, ya san cewa mai mulki ya fi fatalwa ban tsoro, shi ya sa shi ake yi wa wasa.

A irin wannan taro 'yan kallo sukan wuni a tsaye, yunwa na cin su. Mai tuyar da ta kafa kaskonta a bakin fili da tulin cuku da kilishi ba za ta koma gida da ƙullu ba, kuma wani kaso na cinikin zai bi hanyar Tanut ya isa hannun wadda ta tatsi nonon.