Raddi ga mai cewa a raba yaro da waya ƙaf

Wani malami ya tashi a taron iyayen yara a nan Potiskum ya yanke hukunci: duk gidan da ake barin yaro ya kalli waya ko talabijin kafin ya balaga, gidan ya lalace, kuma wai likitocin duniya ma sun haramta. Aka yi ta kabbara. Zan bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, da adalci gwargwadon haƙurina.

Hujjar farko, wato haramcin likitoci, ita ce ginshiƙin maganar, ita ce kuma ta fi ruɓewa. Malam, wace takarda ka karanta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta a Afrilun 2019. Ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allo. Daga shekara 2 zuwa 4 kuwa, kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ya fi. Awa ɗaya, Malam! Wannan ƙayyadewa ce, ita ce kuma ainihin abin da ka tashi kana zagi. Abin dariya, takardar nan ta ce kada a ɗaure yaro wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, har goyo a baya ta ambata. To ka fito ka haramta goyo mu gani. Abin da ya dami hukumar shi ne zama ba motsi da ƙarancin barci, shi ya sa ta nemi yaro ya samu minti 180 yana guje-guje da wasa kullum.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a 2016, ta hana allo ga ɗan ƙasa da wata 18, amma ta cire kiran bidiyo. Wannan togaciya kamar don mu aka yi ta. Garin tireloli ne nan. Direba ya ɗauki shanu daga kasuwar Laraba ya nufi Legas, ya yi kwanaki a hanya. Bayan isha'i ya kira, uwar ta ɗora yarinya a cinya, ita kuma ta riƙa shafa gilashin da hannu mai maiƙo tana cewa “Baba, yaushe za ka dawo?” Wannan ce lalacewar gidan?

Kada a ce na ɓoye abin da ke gefensa. A 2003 wata mai bincike, Patricia Kuhl, ta gwada jarirai 'yan wata tara a Amurka: waɗanda mutum ya zauna yana yi musu Sinanci sun kama sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo ba su kama komai ba. Don haka uwar da ke cewa “bar shi, Turanci yake koya” ita ma ta yi kuskure. Amma abin da binciken ya nuna shi ne yaro yana buƙatar mutum a gabansa. Ƙwace waya ba ya haifar da mai zama da shi, musamman in mai ƙwacewar yana majalisa har sha ɗayan dare.

Na biyu, wai Steve Jobs ya hana 'ya'yansa. Abin da ya gaya wa ɗan jarida a 2010 shi ne ba su taɓa iPad ba tukuna, kuma suna taƙaita musu amfani da na'ura a gida. Taƙaitawa dai. Shaidarka ta koma tawa.

Na uku, “mu da muka taso ba waya.” Kun taso kuna leƙen talabijin ta tagar maƙwabci, an sani. A gidan haya, yaron da ka hana zai zagaya ɗakin gaba ya kalli fassarar Indiya da babu wanda ya tace masa.

Batun cewa waya tana jawo makanta kuwa, a fitar da yaro waje ya yi wasa, a kashe wayar kafin barci. Sauran zancen aljanu a cikin memori, wannan na bar wa masu ruƙiyya.