Kafin ka saya wa yaro katin ƙara wa kwamfuta gudu

Makon jiya bayan la'asar wani maƙwabcina ya yi mini sallama, ɗansa na biye da shi. Yaron almajirina ne, bana zai zauna jarrabawar BEPC. Yayansa ya aiko masa da tsohuwar kwamfutar tebur daga Kano, yana wasan ƙwallo a kanta, amma kafin wasan ya buɗe sai ka sha shayi ka gama. Wani mai gyara ya ce masa ya sayi katin ƙari, a soka a babban allon kwamfutar, a haɗa rumbun ajiyar ta can, wai zai yi gudu. Kuɗin jika 10. Uban ya ce, "Malam, ni ban san kan abin nan ba. In ba shi ko in hana?"

Na ce kada ya bayar, kada kuma ya hana, sai yaron ya nuna mana inda nawar take. Shawarar da nake ba kowane uba da kowane malami ke nan, ga kuma dalilina.

Rumbun ajiya na gargajiya, wanda masu gyara a nan ke kira dis dur, faifai ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai kai da komo yana neman bayanin da aka tambaya. Iyakar abin da yake iya bayarwa a daƙiƙa bai cika wuce megabait 100 zuwa 200 ba. Ita kuwa mahaɗar SATA da ke jikin allon, ko tsohuwar ce mai lamba 2, tana ɗaukar megabait 300, mai lamba 3 da ta fito a 2009 tana ɗaukar 600. Wato hanyar ta riga ta fi ƙarfin rumbun tun kafin a sayi komai. Ɗauki amalanken shanu ka ɗora shi kan kwaltar Matameye zuwa Damagaram, ka faɗaɗa kwaltar ninki biyu. Tafiyar sa ce dai zai yi.

Katin na da amfaninsa. Idan mahaɗan allon sun cika kana son ƙara rumbu, shi ne zai ba ka wasu. Idan kuma ka sayi SSD, rumbun da ba shi da faifai ko hannu, wanda ke kaiwa megabait 500 da ɗoriya, alhali allonka tsoho ne mai tsayawa a 300, nan kati zai iya taimakawa. Ko a nan ma sai an duba ramin PCIe da za a soka shi. Ƙaramin rami mai layi ɗaya na zubin farko megabait 250 kawai yake ɗauka, na zubi na biyu 500. Mai tsautsayi sai ya biya kuɗi ya rage wa kansa gudu.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Rumbu mai sauri yana rage jiran buɗewar wasa ne. Idan hoton ne ke tsinkewa a tsakiyar wasa, galibi laifin na katin hoto ne, ko firosesa, ko ƙarancin RAM. Sayen katin rumbu don wannan, sayen kifi ne a ruwa.

Wani zai ce, malami guda ya zauna yana koya wa yara yadda wasa zai yi daɗi, ga jarrabawa a gaba? Na fahimci wannan damuwa, ni ma uba ne, kuma ina goyon bayan a yanke wa yaro lokacin wasa. Amma ku ji abin da ya faru. Na sa yaron ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, allon da Windows ke nuna aikin kowane sashe ya fito. Ya buɗe wasan, ya riƙe agogon waya. Rumbu ya hau kashi 100, firosesa na zaune ba ta ko kai rabi ba. Na ce ya lissafa mini: gigabait 30 a kan megabait 150 a daƙiƙa, daƙiƙa nawa? Ya samu 200. A kan 500 fa? Ya samu 60. Sai ya ɗago kai ya ce, "Mushe, ashe rumbun ne za a canza, katin ba zai yi komai ba." Yaron da nake fama da shi a kan rabawa tun buɗe lakwal, ga shi ya yi ta sau biyu ba wanda ya tilasta masa.

Lakwal ɗinmu da yawa ba su da ɗakin gwaji. Awo, kwatanci da kafa hujja a allo kawai muke rubuta su, yara su haddace. Ga kuwa abin gwaji a ɗakin yaro, wanda shi da kansa ya damu da sakamakonsa. Malamin da ya kawar da kai don an ce wasa ne ya yi asarar darasi.

Ga iyaye kuwa, tambaya uku sun isa, ko ba ka taɓa taɓa kwamfuta ba. Me ke yin nawa, buɗewa ko hoto? Ka auna? Idan an saya ba a ga canji ba, mai kanti zai karɓi kayansa? Yaron da ya iya amsa su ya cancanci a saurare shi. Wanda ya kasa, ya koma ya bincika, matambayi ba ya ɓata.

A ƙarshe maƙwabcina bai sayi katin ba. Na ƙara masa da cewa a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ga ƙurar hunturu ga zafin bazara, rumbu mai faifai ya fi buƙatar batirin riƙe wuta da a riƙa share masa ƙura. Sun yi yarjejeniya da ɗansa: in sakamakon BEPC ya yi kyau, za a tara kuɗin ƙaramin SSD, kuma yaron ne zai auna gudunsa kafin da bayan an saka, ya kawo mana lissafin a rubuce.