Nasiha Game Da Baƙin Mai Da Ruwan Shanmu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci abin da ido ke gani da abin da ba ya gani. Bayan haka, ya ku malamai da attajirai na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, ina so mu tattauna a kan wani al'amari da muka raina, watau baƙin man da ake juyewa daga cikin injuna.

Babu garin da za ka shiga yau ba ka tarar da makanikin babur ba, da injin niƙa, da janareto, da injin ban-ruwa a fadama. Kowannensu sai an juye masa mai an zuba sabo. Tsohon kuwa a kan tuttular da shi a ƙasa ko a kwata. Idan damina ta sauka, ruwa ya kwashe shi ya kai kududdufi, daga nan sai rafi, daga rafi sai Gulbin Zamfara. A wannan ruwa ne dabbobi ke sha, mata su yi wanki, yara su yi iyo, matafiyi ya tsaya ya yi alwala.

Wanda ya karanta Ishmawi ko Risala ya san hukuncin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya jirkice da abin da ba a saba samunsa a cikinsa ba: ba a yin tsarki da shi. An kuma hana mu yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, domin kada a ɓata wa jama'a shi. To, ina ga wanda ya tuttula kwano guda na baƙin mai a tafkin unguwa?

Masana ƙananan halittu sun gano cewa a cikin ƙasa da ruwa akwai waɗansu ƙwayoyi da ake kira bakteriya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, kuma daga cikinsu akwai masu cin mai. Yadda ake gano su abu ne mai sauƙin fahimta. A kan ɗebo ruwa ko laka daga wurin da mai ya daɗe yana zuba, a sa a kwalba tare da ruwa mai 'yan gishiri-gishirin da rai ke bukata, kana a ɗiga mai a ciki, ba a sa wani abinci ba sai shi. Ƙwayar da ba ta iya cin mai sai ta mutu da yunwa, mai iyawa kuwa ta hayayyafa har ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, man da ke bisa ya tsattsinke. Wani lokaci a kan ƙara wani shuɗin rini. In ƙwayoyin na aiki, sai shuɗin ya koɗe. Daga nan a ware su jinsi-jinsi, a ba kowace sunanta. Daga cikin waɗanda suka shahara akwai Pseudomonas, da kuma Alcanivorax mai zama a teku. Waɗansunsu na fitar da wani abu mai kama da sabulu ya farfasa man, sa'an nan su cinye shi, ya koma ruwa da iska irin wadda muke fitarwa in mun numfasa. Ana koyar da wannan ilmi a jami'o'inmu na Sakkwato da Zariya.

An jarraba aikin nan a zahiri. A 1989 wani jirgin dakon mai, Exxon Valdez, ya fashe a gaɓar Alaska ta ƙasar Amurka. Masu aikin share gaɓar suka barbaɗa taki a kan duwatsu da yashi domin ƙwayoyin da ke wurin su sami ƙarfin ci, gama mai kaɗai ba ya ƙosar da su, suna bukatar taki da iska. A 2010 kuma wata rijiyar mai ta ɓalle a ƙarƙashin tekun Meksiko, ta yi kusan wata uku tana ambaliya, ƙwayoyin tekun suka cinye kaso mai yawa na abin da ya zuba.

Wani zai ce, to, tun da Allah ya yi mana masu shara, mene ne abin damuwa? Ina da amsa biyu.

Ta farko, aikinsu na da jinkiri, kuma suna da iyaka. Inda mai ya yi kauri ya nutse cikin laka, iska ba ta kai wa gare shi, sai ya zauna shekara da shekaru. Ku dubi ƙasar Ogoni a kudancin Nijeriya: a 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa gyaran ƙasarsu da ruwansu zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Ga ƙwayoyin nan a ƙasarsu tun fil azal, amma ɓarna ta fi ƙarfinsu.

Ta biyu ita ce wadda ta fi shafar mu. Baƙin mai ba mai ne zalla ba. Yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafan da injin ya goge, har da dalma a wani lokaci. Ƙwaya na cin mai, amma babu ƙwayar da ke cinye dalma ta ɓace. Mu kuwa mutanen wannan yanki ba sai an ba mu labarin dalma ba. A shekarar nan ta 2010 ne aka gano cewa dutsen zinariyar da ake niƙawa cikin gidaje yana ɗauke da gubar dalma. Yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara. Ƙasar kuwa babu dabarar da ta yi mata magani sai kankare ta da aka yi gida-gida, aka kai rami aka binne, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. Bagega sai a 2013 aka yi mata wannan aiki. Dalma ba ta da warin da hanci zai ji a ruwa, ba ta canza masa launi. Mai kam ya yi mana adalci, domin yana nuna kansa a bisa ruwa da sheƙi irin na bakan gizo. Wanda ya ga wannan sheƙi ya san an gargaɗe shi.

Saboda haka ga shawarata. Ku attajirai masu injuna da masu sayar da mai, ku ajiye durom mai murfi a bakin kowane gareji da gidan niƙa, a riƙa tara baƙin mai a ciki, kada ɗigo ya taɓa kwata. Kada a wanke babur ko mota a bakin gulbi ko kusa da rijiya. Kada a shafa wa dabba baƙin mai a gyambo da sunan magani. Inda ya riga ya zuba, a kafce ƙasar don iska ta shiga, a gauraya ta da takin shanu, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Wannan shi ne taimakon da ƙwayoyin ke bukata. Amma kada a shuka abin ci a wurin, saboda ƙarafan da suka rage.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, idan mun zo babin ruwa a gaban almajirai, mu haɗa musu da wannan misali, domin da yawa daga cikinsu su ne yaran makanikai da rana. Hukumomin ƙananan hukumominmu uku su nemi masanan jami'a su zo su auna ruwan tafkunanmu da rijiyoyinmu, su gaya mana gaskiyar abin da ke ciki, mai ne ko dalma. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana ruwanmu da zuriyarmu, ya jiƙan yaran da muka rasa. Wassalamu.

Daga wani malamin makarantar allo, Anka.