A kai madubin hangen nesa Dambatta

Manomin Dambatta ko Makoɗa bai taɓa rabuwa da kallon sama ba. Dattawa har yanzu suna lissafin taurarin damina, kowane da kwanakinsa goma sha uku, kuma yaron ƙauye ya san Kaza da 'ya'yanta tun kafin ya iya rubuta sunansa. Amma nuna masa hoton Zuhal a waya, da zobban nan kewaye da shi, sai ya ce haɗin kwamfuta ne. Ban ga laifinsa ba, ƙaryar hoto ta yi yawa a zamanin nan.

Hotunan kuwa na gaske ne. Kumbon Cassini na hukumar NASA ya tashi daga Amurka a Oktoban 1997, ya isa Zuhal a 2004, ya shekara 13 yana zagaya shi, ya aiko hotuna sama da 450,000. Shi ya hango ruwa na tsiri daga ƙanƙarar Enceladus, ɗan ƙaramin watan Zuhal da faɗinsa kimanin kilomita 500 ne, ya kuma gano tafkunan iskar gas da sanyi ya mayar ruwa a kan wani watan nasa, Titan. Ranar 19 ga Yulin 2013 ya waiwayo ya ɗauki duniyarmu, ta fito ɗigo guda a ƙarƙashin zobban. Da mai ya kusa ƙare masa a Satumban 2017, aka cilla shi cikin Zuhal ya ƙone, don kada wata rana ya faɗa kan watannin ya gurɓata su.

Ba kumbo nake roƙa mana ba, mu da taki ke gagara. Titan ɗin nan, Christiaan Huygens ya gano shi a 1655 da madubin da na kasuwa a yau ya fi shi kyau. Ƙaramin madubin hangen nesa ya isa ya nuna zobban, kuma duhun da rashin wuta ya bar wa ƙauyukanmu shi masu kallon taurari a Turai ke tafiya mai nisa nema.

Gwamnatin Kano, wadda ta kafa makarantar kimiyya a Dawakin Tofa tun 1977, ba za ta rasa kuɗin madubi ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma ba. A damƙa shi ga malamin kimiyya, ya riƙa zagaya makarantun yankinsa, Bichi ne ko Kunchi ko Tsanyawa, bayan isha'i. Sai dai a kauce wa watannin hazo, kuma a sa hannu a takarda cewa ba za a kulle shi a ofishin shugaban makaranta ba.